Sikelin Bayan Kicin

Kwana bakwai aka ba ni, da sikeli,
tsohon sikelin mahauta mai ƙugiya,
da littafi mai layi, da safar hannu guda,
'yar'uwarta ta ɓace tun kafin in zo.
Malama Luba ta ce, "Haliru,
auna mana abin da makarantar nan ke zubarwa."
Na ce to.
Shekara sha tara ina kwasar sharar nan a Arkilla,
ban taɓa tambayarta nauyinta ba.

Na rataye shi a reshen dogon-yaro, bayan kicin,
inda jajayen awaki ke tsaye tun hantsi
kamar masu bin bashi.

Asabar, ragowar tuwo, kilo talatin da huɗu.
Ɓawon albasa, bakwai.
Gwangwanin tumatir ya fi ƙara da nauyi.
Ledar ruwa kuwa ta raina sikeli,
buhu guda, allura ko gezau,
sai na zauna na koma ƙidaya
har dubu biyu da ɗari shida,
rana ta hau tsakar kaina, na rasa inda na tsaya.

Takardun ofis, gaba rubutu, baya fari fat,
gonar da aka nome rabi aka tafi.

Laraba allura ta zabura.
Hamsin da takwas.
Na sauke, na busa ƙugiya, na sake ratayawa.
Hamsin da takwas.
Kulu ta fito da muciya a hannu, zufa har haɓa:
"Mi kaka biɗa cikin tuwona?"
Ban ce komai ba. Na gutsura, na miƙa mata.
Ta sansana.
Ta daɗe tana kallon ƙofar sito.
Garin Laraba daga buhunan gindin bango yake,
inda damina ta ratso ba wanda ya gani.
Yara ɗari huɗu, ba wadda ta kai ƙara ofis.
A kwandon shara suka rubuta,
ni kuma ban iya karatunsa ba sai yau.

Ledar ma ashe magana take.
Famfon ɗakin kwana ya mutu tun azumin bara,
wata 'yar roba ce ta cinye a wuyansa,
kuɗinta bai kai na goron Juma'a ba.

Ran Alhamis, cikin kwandon aji uku,
na tsinci takarda an dunƙule ta tamau
kamar ƙwallon goruba.
Na warware. Lissafi. Tara bisa ɗari, da jan biro.
A ƙasa, da fensir, ƙanana ƙanana:
"Kada Baba shi gani."
Na ɗora ta a ƙugiya ita kaɗai.
Allura ba ta motsa ba.
Na duba layukan littafina,
abinci, leda, ƙarfe, takarda,
ban ga inda za ta shiga ba.

Malama Luba ta karanta lambobina a tsaye,
tabarau a kan hanci, ba ta ce madalla ba,
ta ce a kira mai gyaran famfo.
Yanzu ɓawo da toka na tafiya Kwalkwalawa
a amalanken wani manomin albasa,
gwangwani na da mai saye,
buhuna sun hau katako.
Awaki ne suka yi asara,
har yau suna harara ta.

An mayar wa mahauci sikelinsa.
Reshen na nan da tabon igiya.
Amma hannuna ya lalace:
ko butar alwala na ɗauka sai ya ce kilo biyu.
Takardar kuwa tana aljihun rigata,
an wanke rigar sau uku,
ina cire ta, ina mayarwa.